'Yar talla a tagar Baba Akawu

Sai da na shiga aji biyu na sakandare sannan na san ashe tsuntsun nan, Big Bird na shirin yaran Amurka Sesame Street, rawaya ne. Duk shekarun da na yi ina kallonsa na ɗauka fari ne, ko dai toka-toka haka, don talabijin ɗin da na san shi a ciki baƙi da fari ce, ranar da na fara ganinsa da kala a gidan su wata ƙawata sai da na daka tsalle nace kai, wa ya shafa masa kurkum? Aka yi ta min dariya har da masu riƙe ciki.

Abin da ya tono min wannan zancen, babban ɗana ne ya turo min wani tsohon labari a waya kwanakin baya, ya rubuta wai Umma ga mutuminki. Na buɗe sai naga hoton wani dattijon Bature da farin gashi da ɗan gemu, aka ce sunansa Caroll Spinney, ya mutu tun ranar 8 ga Disamba 2019 yana da shekara 85, kuma shi ne mutumin da yake cikin Big Bird na shirin Sesame Street tun daga 1969 har ya ajiye aikin a 2018. Shekara kusan hamsin mutum yana cikin gashin talo-talo da aka rina, hannun damansa ɗage sama da kansa yana motsa bakin tsuntsun, baya ganin waje sai ta wata 'yar talabijin da aka ɗaura masa a ƙirji. Ni kuwa wallahi ina yarinya ban taɓa kawowa akwai mutum a ciki ba, na ɗauka irin jiminar ƙasarsu ce haka Allah ya yi ta da baki.

Ni haifaffiyar Tudun Wada ce ta Kaduna, a 1974. Baba ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, da asuba yake hawa kekensa, wani satin kuma aikin dare ne sai ya shigo da hantsi duk burbushin auduga a girarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min shi yasa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Inna kuma gyaɗa take yi, soyayya da dafaffiya, da damina a ƙara da masara. Gidan haya muke ciki mai ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya, banɗaki biyu, talabijin ɗaya tak, ita ma ba tamu ba.

Ta Baba Akawu ce. Mutumin Offa ne, akawu a reluwe, ya daɗe a Kaduna har Hausa ta zauna masa daram sai dai in zai ce ƙofa sai yace kofa, mu yara muna komawa bayan gida muna kwaikwayonsa, Allah ya yafe mana. Da kuɗin Udoji ya saye ta, wannan ƙarin albashin da aka biya ma'aikatan gwamnati har da ariyas a 1975, lokacin da kowa ya ruga kanti, wani babur wani rediyo mai faifai wani ƙarin aure. Shi dai tibi ya saya, irin mai gidan katako ɗin nan da ƙafa huɗu da ƙofofi biyu da ake zugewa, har da makulli, kuma makullin yana ɗaure a bakin zanin matarsa wadda duk gidan muke kira Mama. Ta saƙa mata farin kyalle ta shimfiɗa a kai ta ɗora furen roba, in ka shiga falon kai kace amarya aka kawo.

'Yan yanzu ba za ku gane ba. Tasha ɗaya ce, NTA Kaduna, manya ma har lokacin RKTV suke ce mata don da wannan sunan suka santa tun da aka buɗe ta a 1962 zamanin Sardauna, kafin gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar nan wuri guda a 1977. Kuma ba a buɗewa sai da yamma, wajen ƙarfe huɗu. Kafin nan ba komai sai wasu layuka a tsaye da wata ƙara fiiiii mai shiga kunne, amma haka yaran gidanmu za su wanke ƙafa su jeru a kan leda su zuba wa layukan nan ido kamar masu jiran a sauke tukunya, sai an yi taken ƙasa sannan a fara. Na girma na zama malama sannan na karanta cewa shirin nan ma daga irin wannan zaman ya samo asali. Wani mutum mai suna Lloyd Morrisett, masanin halayyar ɗan adam da yake aiki a gidauniyar Carnegie a New York, ya tashi wata safiya a ƙarshen 1965 ya tarar da 'yarsa mai shekara 3 ta kunna talabijin tana zaune tana kallon wannan alamar ta kafin buɗe tasha, tana jiran a sa katun. Abin ya tsaya masa a rai. A 1966 wajen wata liyafar cin abinci a gidan Joan Ganz Cooney, wadda take shirya shirye-shirye a wata tashar ilimi, sai ya jefa tambaya, shin wannan akwatin da ya kama yara haka ba zai iya koya musu wani abu ba? Da na karanta wurin nan sai da na ajiye wayar nayi dariya ni kaɗai, nace ashe 'yar Bature ma layuka take kallo.

To ni matsalata daban ce. Boko da safe, allo bayan azahar, ana sallar la'asar Inna za ta ɗora min tire, gwangwani sisi babba sule, ta ce maza ki bi ta wajen Kasuwar Barci kafin 'yan gidan su wance su riga ki. Wato daidai lokacin da ake zuge ƙofofin tibi ni kuma ake zuge min ƙofar gida. Kuma ba dama in shiga falon Mama, don ƙofarsa tana kallon murhun Inna. Sai Allah ya taimake ni, ɗakin nasu yana da taga ta lungun baya. Sai in fita ta zaure ina rafka a sayi gyaɗa da ƙarfi don Inna ta ji muryata tana nisa, ina shan kwana in zagayo lungu, in sauke tiren, akwai wani rabin bulo da na ɓoye a gindin kwata, in taka in leƙa ta tsakanin ƙarafan taga. Daga nan rabin gilashin kawai nake gani sai ƙeyar yara, amma ya ishe ni.

Sisimi Sitirit muke ce masa. Bai yi kama da tatsuniya ba, babu ga ta nan ga ta nanku babu ƙurunƙus, gutsi-gutsi ne, yanzu ana waƙa, kafin ka ƙifta ido an koma zane, harafi ya fito yana tafiya da ƙafafu, sai 'yan tsana biyu suna gardama a kan gado, sai a nuna yadda ake tatsar saniya ko yadda ake yin burodi, sai kuma a dawo kan layi wajen mutane. Ba ma jin Turancin, don haka mu muka raɗa musu suna. Oscar da yake zaune cikin garwar shara yana masifa Na-Bola muke ce masa, Cookie Monster shi ne Sarkin Haɗama, Bert da Ernie Dogo da Gajere, sai Count mai haƙora wanda in ya gama ƙirga abu ake tsawa yana ƙyalƙyala dariya, shi Mai Ƙirga ne kuma ni tsoronsa nake ji amma shi ya koya min ɗaya zuwa ashirin da Turanci tun malaminmu bai kai goma ba. A ƙarshe kuma wata murya za ta ce shirin yau harafi kaza da lamba kaza ne suka ɗauki nauyinsa. Shekaru da yawa ban gane ma'anar wannan ba. Ashe da gangan ne, ita Cooney ta lura yaran Amurka sun haddace waƙoƙin tallan giya da na sabulu tsaf ba tare da kowa ya koya musu ba, sai tace to me zai hana a tallata musu haruffa da lambobi haka nan, gajere, da kiɗa, a yi ta maimaitawa. Ranar farko da aka nuna shi, 10 ga Nuwamba 1969, haruffan W da S da E ne da lambobi 2 da 3 suka ɗauki nauyi. Kunga kenan ni da su sana'armu ɗaya, ina waje da tallan gyaɗa suna ciki da tallan ABCD, nasu ne dai ya fi nawa ciniki.

Wani abin da zai baku dariya, na daɗe ina ɗauka a Legas ake yin shirin. Dalili kuwa baƙaƙen fata nake gani, ga Gordon mai sanƙo ga matarsa Susan, mutane zaune a kan matakalar ƙofar gida ana hira, ga garwar shara a bakin hanya, ga ɗan kantin Mista Hooper kamar na mai tireda, yara suna wasa a titi ba wanda ya kore su. Amurkar da muke gani a sauran finafinai ai ba haka take ba, can manyan motoci ne da kaboyi. Wannan kuwa ya fi kama da layinmu in ka cire benayen. Shi ma ashe shiri ne. Ba don 'ya'yan masu kuɗi aka yi shi ba, an yi shi ne don yaran talakawan cikin birni, yawanci baƙaƙe da masu jin Sifaniyanci, waɗanda suke shiga aji ɗaya ba su taɓa riƙe littafi ba alhali 'ya'yan masu hali sun riga sun yi nisa, shi yasa Jon Stone da ya tsara wurin ya nace sai an yi layi irin na unguwanninsu da dattinsa da komai. Dala miliyan 8 aka haɗa musu, daga gwamnati da gidauniyar Carnegie da ta Ford, suka kafa Children's Television Workshop a 1968. Kuma ba kowa ya so ba, a watan Mayu na 1970 hukumar talabijin ta ilimi a jihar Mississippi ta hana nuna shi saboda an haɗa yara farare da baƙaƙe suna wasa tare, sai da labarin ya fita jaridu aka yi musu caa sannan suka janye bayan kwana 22. Ni abin da ya sa na saki jiki da shi a tagar nan, shi ne ya tsone wa wasu ido a can.

Asirina akuyar maƙwabta ce ta tona shi. Ranar ina kan bulo na shagala, Sarkin Haɗama yana ta wawurar biskit yana zubarwa ina dariya ƙasa-ƙasa, ban san nawa Sarkin Haɗamar yana bayana ba, ko da na waiwaya ta kifar da tiren rabi ta cinye rabi yana cikin kwata. Na tsaya nayi kuka na ƙoshi, na shirya ƙarya kala uku a hanya duk ba wadda ta tsaya, Inna ta duba ƙafata taga baƙar laka irin ta lungu ba jar ƙurar hanyar kasuwa ba, shikenan ta jawo muciya. Ihun da nake ne ya fito da Mama. Ta riƙe hannun Inna tace Maman yara don Allah ki bari, ai na daɗe ina ganin idonta a taga, nayi shiru ne. Ta kwance bakin zaninta, nan kusa da makullin, ta biya kuɗin gyaɗar duka. Sannan suka yi wata yarjejeniya da har yau in na tuna sai naji ƙwalla, duk ranar da ake shirin Mama za ta sayi gwangwani biyar, wai Baba Akawu zai tafi da ita ofis, ni kuma in zauna a falo har a gama sannan in fita da sauran. Na girma sannan na gane ba wani ofis da ake kaiwa, ulsa ce da shi ko gyaɗar baya ci, yaran gida ake rabawa.

Inna ta yarda amma ba da son ranta ba. Ita a ganinta dodanni ne kawai suke tsalle, kuma wata goggonmu ta zuga ta wai abin yana sa yara rashin kunya. Baba bai ce komai ba, dama shi ba mai yawan magana bane, abu ɗaya ya gindaya, ranar da malamin allo ya kawo ƙarata to ni da tibi sai a lahira.

A makaranta kuwa abin ya jawo min bulala. Muna aji biyu ana karanta haruffa, aka zo na ƙarshe kowa yace zed ni kaɗai na ɗaga murya nace zii, don haka nake ji kullum. Malam yace maimaita, na maimaita, yace wa ya koya miki, nace tsuntsu. Aji ya fashe da dariya, shi kuma ya ɗauka raini ne ya zuba min uku a tafin hannu. Bai yi laifi sosai ba tunda mu Turancin Ingila muka gada, amma da ya tambaye ni wane tsuntsu. Akwai kuma ranar da na ƙirga uno dos tires kwatiro ina ta alfahari na iya babban Turanci, ashe Sifaniyanci ne irin wanda su Maria da Luis suke koyarwa a ciki, su ma an shigo da su ne a 1971 don yaran da wannan ne harshen gidansu. Duk da haka dai kafin mu gama aji uku ni nake karanta allon sanarwa, ni ake turawa ofishin hedimasta da saƙo, kuma duk kwalin da na gani a hanya sai na tsaya na haɗa baƙaƙensa, har Inna tana cewa wannan yarinya ko takardar ƙosai ta gani sai ta gaishe ta.

A 1982 ƙanina da nake goyo ya rasu, ƙyanda ce. Shekararsa biyu da rabi. Aka tura ni gidan goggo kwana uku, da na dawo aka ce min an kai shi ƙauye wajen Kaka. Na yarda. Na fi shekara ina ajiye masa abu, in na samu alewa in raba biyu, duk wanda ya zo daga ƙauye in tare shi da tambaya yana ta kawar da kai, sai wata yarinya ce a bakin famfo ta faɗa min gatsal cikin faɗa. Na kawo wannan ne saboda a shekarar nan dai, cikin Disamba, Will Lee wanda yake fitowa a Mista Hooper mai kanti ya mutu. Masu shirin suna iya cewa ya yi tafiya ko su sa wani a madadinsa, sai suka ƙi, suka nemi shawarar masana yara suka yi fitowa guda a kai wadda aka nuna ranar 24 ga Nuwamba 1983, ranar hutu ce a can da iyaye suke gida don yaro ya samu wanda zai tambaya. Tsuntsun ya zana hotunan manyan layin yana raba musu, ya zo kan na mai kanti yace zai ajiye masa sai ya dawo, sai suka zaunar da shi suka faɗa masa a fili cewa ya mutu kuma wanda ya mutu baya dawowa, amma su suna nan za su kula da shi. A waya na kalli wannan, ina da jika a lokacin, na rufe ɗaki nayi kukan da ban yi ba ina shekara takwas. Ban riƙe su Inna a zuci ba, tausayi ne ya sa su, haka aka yi musu su ma. Amma abin yana ba ni mamaki, mu da muke da amsar da ta fi tasu, daga Allah muke gare shi za mu koma, yaro yana biya ta a allo, sai kuma mu ce masa an tafi ƙauye. Ni dai da mahaifin 'ya'yana ya rasu na zaunar da autata na faɗa mata gaskiya, tana shekara biyar.

Sai 1984. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun san yadda abubuwa suka tsuke, tun tsuke bakin aljihun zamanin Shagari har soja suka karɓa, layin madara da sabulu, kamfanoni suna ta rage mutane. Wata ranar Alhamis Baba ya dawo tun kafin azahar yana tura keken bai hau ba, da farar ambulan a aljihun gaba. Shi ajami yake karantawa, boko ko sunansa sai dai ya dangwala. Ya saba kai wa Baba Akawu duk wata takarda, amma ranar sai ya zauna a bakin gado ya kira ni, yace Uwata zo ki duba min nan. Ina aji biyar. Na buɗe, kalmomin manya ne da yawa ban san su ba, na dai bi su a hankali ina haɗawa yadda ake yi a shirin, inda ake nuna fuskoki biyu a duhu wannan ya faɗi rabin kalma wancan ya faɗi rabi har su haɗe. Na gane sunansa, na gane kwanan wata, na gane wurin da suka ce suna baƙin ciki, na gane wurin da suka ce ba a buƙatar aikinsa daga ƙarshen wata. Nace Baba wai sun ce an gode. Yace na sani, ci gaba. Ashe ya riga ya sani tun a can, so yake dai ya ji daga bakin na gida ba sai maƙwabci ya ji kafin matarsa ba. Da na gama ya karɓa ya ninke ta huɗu ya sa ƙarƙashin buzun sallarsa, yace je ki ci abinci.

Bai taɓa tayar da zancen ba. Amma bayan shekara biyu da na ci jarrabawar shiga sakandare, goggo ta zo takanas da maganar wani ɗan mijinta mai shagon tireda, ga Baba a lokacin ya koma faci da gyaran keke a bakin titi abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, Inna ma ta fara karkata, sai naji shi daga cikin ɗaki yace Yaya a bar min uwata tayi karatunta. Iyakar abin da ya faɗa kenan, goggo tayi fushi ta shekara bata tako gidanmu ba.

Kar kuma wani ya ɗauka ina cewa talabijin ce ta yi min komai. Mu goma sha wani abu ne muke zama a ledar nan, duk tare muka haddace waƙar haruffa, amma mu uku ne muka wuce firamare, matan kuma ni kaɗai. Akwai wadda ta fi ni kai nesa ba kusa ba, tana aji shida aka ɗaura mata aure. Tibi bata biyan kuɗin makaranta, kuma bata hana a ɗora maka tire. Sannan akwai abin da yake ɗan ci min rai har yanzu, na iya rera ABCD irin ta Amurka tun ban san akwai harafin ɗ da ƙ da ɓ ba, sai a sakandare na fara rubuta harshen da nake mafarki da shi. Da NTA suka fara Tales by Moonlight a 1984, yara zaune gaban wata anti tana ba su tatsuniya ranar Lahadi, mun so shi sosai don kunkuru da sauran dabbobin namu ne, amma shi ma da Turanci ne.

Na yi NCE na koyar a firamare shekara talatin da ɗaya, kusan duka a aji ɗaya da biyu, ajin da kowa yake gudu. Akwai shekarar da yara casa'in da wani abu ne a gabana, ba benci ba littafi, alli ma sai na saya. Wata rana abin ya ishe ni na ɗauko tsohuwar safar maigidana na ɗinka mata maɓallai biyu a matsayin ido na zura hannu, na shiga aji nace yau muna da baƙo sunansa Malam Na-Bola kuma bai iya komai ba sai kun koya masa. In na nuna B sai yace D, ajin ya kaure da ihu a'a a'a ba haka bane, yaran da ko sunansu ba sa iya faɗa da ƙarfi sai gasu tsaye suna gyara wa safa karatu. In za a tashi kuma ince darasin yau harafin M ne ya ɗauki nauyinsa, kowa gobe ya zo da abu mai M, sai ka ga mangwaro da muciya da madubi, wani yaro har mage ya kamo. Wani shugaban makaranta da muka yi ya kira ni ofis yace Malama wasan yara kike yi ko koyarwa, nace ranka ya daɗe ai yaran ne. Bai ji daɗi ba, ya rubuta min takarda, amma da masu duba makarantu suka zo ajina ya fara kawo su.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa daga baya shi ne da na karanta cewa su ma masu shirin haka suka yi ta gwaji. Kafin su fito da shi, wani mai bincike Edward Palmer yakan zaunar da yara gaban talabijin ya kunna majigi a gefe yana canza hotuna, duk inda yaro ya kawar da kai ya koma kallon majigin a rubuta, wurin bai yi ba kenan sai a sake. A gwajin da suka yi a Philadelphia a tsakiyar 1969 suka ga yara suna kallo in 'yan tsanan da Jim Henson ya ƙera sun fito, amma da an dawo kan mutane zalla sai hankalinsu ya tafi. Masana sun ba su shawara kar a haɗa mutane da dodanni wuri ɗaya wai zai rikita yara, suka yi kunnen uwar shegu da shawarar, daga nan ne aka samo tsuntsun da kuma na cikin garwar shara aka ajiye su a kan layin tare da mutane. Na-Bola ma ashe ruwan lemo ne a shekarar farko kafin a mayar da shi kore, mu da muke baƙi da fari duk bamu san wainar da ake toyawa ba, kuma shi ma Spinney ɗin ne yake yinsa, muryar wai daga wani direban tasi mai faɗa ya ɗauko ta. Sunan shirin kuma daga kalmar da Ali Baba yake faɗa ne ƙofar kogo ta buɗe, sesame ɗin nan ba komai bane illa riɗi. Layin Riɗi kenan. Da mun sani tun muna yara ai da bamu wahalar da harshenmu ba.

A 2011 aka fara na Najeriya a NTA, Sesame Square, da Kami da kuma Zobi shuɗin dodo mai son doya maimakon biskit. Na zaunar da autata nace zo kiga abin da ya sa aka dake ni, ta kalla minti goma tace Umma a canza tasha. Jikokina kuwa yanzu kowa da waya a hannu yana shafawa, ba wanda ya san zafin jiran ƙarfe huɗu, ko baƙin cikin a ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa duk falo a ce wayyo a tare.

Baba Akawu ya yi ritaya a 1987 suka koma Offa. Kafin nan tibin ta riga ta mutu, hoton ya yi ta tsukewa har ya koma ɗan layi ɗaya a tsakiya, mai gyara yace kwalbar ce kuma kuɗinta ya kusa na sabuwa. Ranar da suke loda kaya a mota Mama tace ba za ta ja gawa har Offa ba, aka ciro kayan cikin aka ba mai gyara, gidan katakon kuma ta ce a kai ɗakin Maman yara. Mun yi ta wasiƙa da ita, ni nake rubuta ta Inna, har wajen 1995 sannan amsa ta daina zuwa.

Akwatin yana nan a ɗakin Inna har yau, ta tsufa sosai amma bata yarda a taɓa shi ba. Ta sa kafinta ya buga masa katako biyu a ciki, sama tasoshinta na aure ƙasa kuma su sukari da madara da take ɓoye wa jikoki. Ƙafa ɗaya ta karye an tokare da bulo. Makullin yana aiki, yana ɗaure a bakin zaninta.